Mu ke awo, wasu ke rubutawa

Lawali Anfirme: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Ku yi mini haƙuri yau zan ɗan tsawaita don abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Ina gardi sai wata yarinya ƴar sitaj ta tambaye ni wai rigakafin zawo na rota da ake ɗiga ma jarirai a baki ina ake gwada irinsu, na ce mata ai akwai iri guda da aka gwada nan gindinmu Madarunfa, ta bushe da dariya ta zaci ba'a nike mata, sai da na buɗe mata a waya ta gani da idonta. Rotasiil sunanshi, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi shi, cibiyar bincike ta Epicentre da ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lahiya suka gwada shi tun daga 2014 kan jarirai sama da 3500, ɗigo uku a sati 6 da 10 da 14, aka samu yana kare kusan kashi 67 cikin ɗari na zawo mai tsanani na rota, sakamakon ya fito 2017, a 2018 OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta amince da shi. Kuma abin da ya sa aka damu da shi yana jure zafi, ku kun san wahalar firigo a daji. To tambayata, wa ya auna yaran nan? wa ya bi su gida gida, wa ya amshi kashin yaro cikin ɗan mazubi ya manna lamba ya kai labo? Irinmu ne, anfirmomi da ungozomomi da ƴan labo da rele, wato wakilan lahiya na ƙauye. Amma in ka ce ma ɗayanmu zo ka yi bincike da kanka sai ya ce wannan ai aikin furofesoshi ne. Mi ya hana mu?

Isuhu Ɗan Gobir: Wa alaikumus salam. Abin da ya hana mu? Lawali zo CSI ɗina, ƙaramar likitar ƙauye, watan Satumba ka gani. Ni kaɗai ne da ƴar taimako guda, layin masu masassara tun daga baranda har gindin bedi, ni ne gwajin palu ni ne allura ni ne rajista ni ne kes, in haihuwa ta zo da dare ni ne, ƙarshen wata ga rapor ana ta kirana a waya. Da wane lokacin? Wanda ruwa ya ci ba ya tambayar zurfin kogi

Balkisa Sajfam: Isuhu ya faɗi gaskiya wlh 😂 ni abincin rana ma sai la'asar

Lawali Anfirme: Ban musa ba Ɗan Gobir, ni ma daga daji aka maido ni gari. Amma rapor ɗin nan da kake kuka da shi mene ne in ba kayan bincike ba? Kowane wata kana zuba lambobi cikin DHIS2, manhajar tara alƙaluman lahiya, suna tahiya Yamai, kai da ka tara su ba ka taɓa zama ka tambaye su komi ba.

Isuhu Ɗan Gobir: Na tambaye su mi, su ba ni albashi?

Majo Hajiya Rabi: Ƴaƴana sannunku. Ni dai na kusa ritaya amma bari in ba ku labarin 2005 don da yawanku kuna lakwal lokacin. Shekarar da yunwa ta yi tsanani, yara masu tamowa ba wurin kwantar da su, da can doka ita ce duk yaron da tamowa ta yi ma tsanani sai an kwantar da shi ana ba shi madara, uwa ta bar gida da sauran ɗiya ta zauna sati uku ko huɗu. A shekarar nan aka koma ba uwa Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na masu tamowa, ta tahi gida ta dawo kowane sati a auna, sai wanda ya ƙi cin abinci ko ke da wata cuta a kai ake riƙewa. MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60000 a Nijar a shekarar, mafi yawa nan jaharmu ta Maradi. Abin da ya sa duniya ta yarda da wannan hanya har OMS da UNICEF suka fitar da sanarwa kanta a 2007, ciki har da katunan da aka cike nan, nauyi nawa ya shigo, nawa ya fita, ya warke ko ya rasu ko uwa ta daina zuwa. Na tuna sikelin rataye da wandon nan na roba da ake saka yaro ciki yana ta ihu allura na rawa kai kuma kana jira ta tsaya ka karanta, ga wasu ɗari na jiranka, wani abokin aikinmu in ya gaji sai ya kalli yaro kawai ya rubuta 6 kilo, sai da aka zaunar da shi. A lokacin mu ba mu san muna cikin wani tarihi ba, mu dai muna awo.

Lawali Anfirme: Allah shi ƙara girma Majo. Ai maganar ke nan, mu ke awo wasu ke rubutawa

Malam Ada Labo: Ni kuma ta wani gefe zan zo. Kun manta Kano? 1996 lokacin sanƙarau, Pfizer ta gwada wani sabon magani Trovan kan yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, shari'a ta yi ta ja har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Mutanenmu da Kano ai uwa ɗaya uba ɗaya, labarin ya iso kowane ƙauye, har lokacin da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003 ana ambaton shi. Yanzu ni da nike sallah masallaci guda da uban yaro ku ce in je in ce mishi kawo ɗanka a gwada magani? In wani abu ya faru baƙon ya hau jirgi, ni za a nuna da yatsa a kasuwa

Balkisa Sajfam: Wannan ma gaskiya ce Malam, ko jini ka ɗiba sau biyu sai an ce saidawa za ku yi

Doktor Nasiru: Salam. Malam Ada abin da ka kawo ba a share shi, kuma ni ina ganin shi ne ma babban dalilin da ya sa ya kamata ku shiga ciki. Wa zai gane uwa ba ta fahimci takardar yarda ba, ta dangwala yatsa ne kawai don kunyar likita? Wanda ke jin harshenta ya san in ta ce "to" wani lokaci ba amincewa ba ce. A ƙa'ida ba a fara bincike kan mutane a ƙasar nan sai kwamitin ɗa'a na ƙasa da ke Yamai ya duba purotokol ya yarda, a yi ma mutum bayani da Hausa, in bai iya karatu ba a sa shaida wanda ba ya cikin masu binciken, a gaya mishi yana iya fita ran da ya so kuma ba za a hana ɗanshi magani ba. Anfirmen da ya san waɗannan shi ke iya tsaida abu in ya ga an karkace. Wanda bai sani ba sai ya zama ɗan aike kawai.

Malam Ada Labo: A takarda kam haka ne Doktor

Doktor Nasiru: Haka ne, a takarda. Mai sa ta zama gaskiya shi ne wanda ke zaune gaban uwar, kuma ba ni ba ne, ku ne. Sannan tunda sanƙarau ka ambata, a 2017 da ta ɓarke Madarunfa an yi wani gwaji a ƙauyuka 49, aka kasa su uku ta ƙuri'a, wasu kulawar da aka saba, wasu a ba ƴan gidan maras lahiya siprofloksasin, wasu a ba duk garin ƙwaya guda. Inda aka ba duk gari kamuwa ta ragu da kusan kashi 60, na ƴan gida kawai kuwa ba a ga wani bambanci na kirki ba. Da ba a gwada ba da hankali sai ya ce maka na ƴan gida ya isa

Isuhu Ɗan Gobir: Duk waɗanda kuke lissafawa na masu farar mota ne da miliyoyi. Ni babur ɗin CSI ma taya ta mutu

Zuwaira T.: Ni dai bari in faɗi nawa ko da za a ce na cika ƙorafi. Na yi wata goma sha huɗu cikin wani bincike, ba zan faɗi na su wa ba, kullum kan babur cikin rairayi har na yi ɓari ban daina ba sai da aka ba ni hutu, ni na lura tambaya guda cikin takardar mata ba su gane ta don an fassara ta da Hausar boko, na gyara aka karɓi gyarana aka sake buga takardun duka. Ran da abin ya fito wani ya turo mini, sunaye goma sha wani abu, na duba har ƙasa ba ni ba wani daga cikinmu, sai layi guda wai ana gode ma ma'aikatan fili. Ko sakamakon ba a dawo an gaya ma matan ƙauyen ba, ni suke tambaya in mun haɗu wajen biki, Zuwaira mi aka gani? in ce ban sani ba. To ni wannan ta ishe ni

Majo Hajiya Rabi: Sannu ɗiyata, Allah shi maida miki da alheri

Balkisa Sajfam: Kai, abin da ciwo

Lawali Anfirme: Zuwaira Allah shi ba da lada, ban san kin sha wannan ba. Ba zan kare su ba. Amma kin ga gyaran nan da kika yi ai shi ne aikin mai bincike, ba wanda ya koya miki. Ni shi ya sa nike cewa mu fara namu, tambayar tamu, rajistan namu, suna namu

Doktor Nasiru: Zuwaira ki yi haƙuri. Abin da na koya da wuya shi ne maganar suna tun ranar farko ake yinta kafin a hau babur, a rubuta. Ƙa'idar da mujallu ke bi ita ce wanda ya sa hannu wajen tsara aikin ko tattara bayanan ko nazarinsu, kuma ya shiga rubutun ko gyaranshi, ya amince da na ƙarshe, ya cancanci suna. Inda ake kada mu shi ne wajen rubutun, ba a gayyatar ma'aikacin fili ya karanta sai a ce bai cika sharaɗi ba. Ki ce tun farko ina son a turo mini in karanta in yi gyara

Zuwaira T.: Doktor wanda ke neman kontira yana da bakin kafa sharaɗi? 😅

Doktor Nasiru: Shi kaɗai ba shi da, na yarda

Abdul Etidiyan: Salam manyana, ni ɗalibi ne shekarar ƙarshe, ku gafarce ni in na yi katsalandan. Na ji an ce an yi bincike nan Madarunfa aka gano amoksisilin ba ya da amfani ga yara masu tamowa, to don mi har yanzu muke ba su a CRENAS, inda ake jinyar tamowa ba kwanciya?

Isuhu Ɗan Gobir: Yawwa, kun ji irinta. Kun fara sa yara su ƙi bin purotokol

Doktor Nasiru: Tambaya ce mai kyau Abdul amma ba haka aka ce ba. An yi shi 2012 zuwa 2013, yara kusan 2400 masu tamowa mai tsanani wadda ba wata cuta a kai, rabi amoksi kwana bakwai rabi sirop mai kama da shi wanda ba magani ciki, ba uwa ba anfirme ba wanda ya san wanne ne wanne. Warkewa ta zo kusan 66 cikin ɗari da kusan 63, bambancin bai kai a ce na maganin ne ba. Amma waɗanda suka sha amoksi an fi ƙarancin tura su kwanciya asibiti. Kuma a Malawi an yi irinshi ya fito 2013 su suka ga maganin ya rage mutuwa. Yaran can da yawa masu kumburi ne kuma akwai sida fiye da nan, ga shi yaran cikin bincike ana bibiyarsu fiye da yadda Isuhu zai iya shi kaɗai. Don haka kai dai ka bi purotokol na ƙasa har ranar da aka canza shi

Abdul Etidiyan: Na gane Doktor na gode. To mu memwar ɗinmu fa ana lissafa shi bincike? don gaskiya yawanci na bara ake ɗauka a canza sunan gari da shekara

Balkisa Sajfam: 😂😂 yaro ya tona asiri

Malam Ada Labo: Wani ya taɓa kawo mini nashi in duba, sunan garin farko na nan shafi na 23 ya manta bai goge ba

Majo Hajiya Rabi: Ku bar dariya, laifin manya ne da ba su zama da su. Abdul ɗana ka zo gida in ba ka tambayoyi goma da na rasa mai amsa mini su shekara talatin

Balkisa Sajfam: To ni tunda an zo nan bari in faɗi wadda ke damuna. Matan da ke zuwa awon ciki na farko da yawa ba na sake ganinsu sai ran haihuwa ko ma ban gansu ba sam, kuma Fansidar ɗin nan na rigakafin palu ana son mace ta sha aƙalla sau uku kafin ta haihu, wata guda tsakani, daga wata na huɗu. A raina ina ganin masu zuwa a makare ne matsalar, cikin fari musamman, yarinya na jin kunya tana ɓoyewa sai ciki ya kai wata shida ko bakwai uwar miji ta kawo ta, to yaushe za ta sha uku? Amma abokiyar aikina ta ce a'a nisa ne da aikin gona, in damina ta faɗi ba mai zuwa. Kullum muna wannan gardama muna wanke hannu

Lawali Anfirme: Balkisa!! ai kin gama rabin aikin. Rajistan CPN, na awon ciki, na shekara guda, ki ja layi a kaye: shekarun mace, ciki na nawa, wata nawa ta fara zuwa, garinsu kilomita nawa, wane wata ne, sau nawa ta sha. Ba suna ba lambar waya, lamba kawai 1, 2, 3. Ko Excel na waya ya isa. In kin gama ke da abokiyarki wani zai ci gardama ko ku duka ku faɗi

Doktor Nasiru: Ki dai fara sanar da majo ɗinki da MCD, babban likitan distirik, a rubuce, kuma in har za a buga shi waje sai an nemi izinin kwamitin ɗa'a ko da rajista ce kawai. Kar a ɗauki hoton shafi a turo nan don Allah, sunayen matan mutane ne ciki. Akwai darasin ɗa'ar bincike kyauta a intanet da Faransanci, TRREE, ana ba da takardar shaida in ka gama. Nazarin lambobin kuma ni zan zauna da ke, ko mu nemi wani a sashen lahiya na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo

Balkisa Sajfam: Rajistan bara ruwa ya taɓa shi wajen watan Agusta, rufin ya yi yoyo, shafi kamar shida biro ya narke ya zama shuɗi

Doktor Nasiru: Sai ki rubuta shafi shida ba su karantuwa. Kar ki cike da ka

Majo Hajiya Rabi: Kar ki zama mai 6 kilo 😄

Malam Ada Labo: Irin wannan ni ba ni da ja, ba a tsira ma kowa allura ba. Kuma in ana maganar abu mai arha, ku tuna zaren awon dantse na gano tamowa. Can Mirya ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya ma uwaye su auna ɗiyansu da kansu, ja ƙasa da milimita 115, rawaya zuwa 125, aka ga suna yi daidai ba su gaza rele ba kuma yara na isowa da wuri. Yanzu ƙasashe da yawa na yi. Ɗan zaren roba ne fa

Zuwaira T.: Ni in za a yi na Balkisa zan taya ta tsara kayen, na san inda ake kuskure. Sharaɗina guda, in an gama a tara matan a gaya musu abin da aka gani, da Hausa, ba a otel ba

Balkisa Sajfam: Na yarda yaya Zuwaira, ranar awo ma suna nan cike da baranda

Isuhu Ɗan Gobir: Ku dai ku yi ta yi. Ni abin da na sani duk shekara ana gama rabon CPS, maganin rigakafin palu na yara lokacin damina, zagaye na biyu sai in ga yara sun ragu sati biyu uku sannan su dawo, kuma ƴan sama da shekara biyar da ba a ba su su ne ke cika mini gado yanzu, ban ƙirga ba amma idona ya gani

Lawali Anfirme: Ɗan Gobir ka ji kanka kuwa? 😂 wannan da ka faɗa mene ne?

Isuhu Ɗan Gobir: Ƙorafi ne

Doktor Nasiru: Tun 2013 ake CPS a Nijar kuma wata 3 zuwa 59 aka saba ba, maganar manyan yara ana ta yinta, Senegal ma har ƴan ƙasa da shekara 10 suke ba. In lambobin CSI ɗinka sun nuna abin da idonka ya gani to abin kai wa taron distirik ne

Isuhu Ɗan Gobir: Rajistocin na cikin katon bayan kabad tun 2021, gara ta ci gefe guda. Abdul in kana neman memwar da ba na sata ba ka zo ranar da ba kasuwa, ka taho da kayenka da biro biyu, tuwo ni zan ba ka amma kuɗin mota naka ne

Abdul Etidiyan: Wlh zan zo kawu, wace rana ce kasuwarku?

Isuhu Ɗan Gobir: Zan kira ka, an kawo mini yaro yana suma